Neman shawara kan binciken kufai tsakanin dutsen Kufena da ganuwar Zariya

Ɗalibar Samaru ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da 'yan'uwa na wannan zaure, ina neman shawararku a kan aikin digirina na biyu a fannin ilimin kufai. Abin da na tsara tun farko shi ne in yi tono a gindin dutsen Kufena, a wani wuri da tsingaro ya yi yawa a bisa ƙasa, in fitar da abin da ke ƙarƙashi in yi bayaninsa. Malamin da ke duba aikina ya ba ni shawara dabam. Yana ganin gara in ajiye tono tukuna, in ɗauki faɗin ƙasar da ke tsakanin Kufena da Wusasa har zuwa ganuwar birni ta yamma, in taka ta da ƙafa, in rubuta duk wata alama ta zaman mutanen dā, sannan in nemi fahimtar yadda waɗannan alamomi suka danganci ruwa da fadama da dutse da hanyoyin tafiya.

Shawarar ta kwanta mini, amma akwai abubuwan da suka tsaya mini a rai. Shin aikin da babu tono a cikinsa zai tsaya da ƙafarsa a gaban masu jarrabawa? Kuma ta yaya zan sanya wa guntayen ganuwar da ke wannan yanki zamani, alhali duk wanda na tambaya amsarsa ɗaya ce, wato ganuwar Amina ce? Ga shi kuma gine-gine sun cinye wani sashe na filin, ban da masu ɗibar ƙasa da masu fasa dutse. Zan yi godiya ga duk wanda ya taɓa irin wannan aiki ya haska mini hanya.

Tsohon Malami, Tudun Wada, ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Ina tare da malaminki, kuma zan faɗa miki dalili dalla-dalla, domin ki iya kare aikinki da bakinki ranar da aka tambaye ki.

Ramin tono mai faɗin mita 2 a kowane gefe yana ba ki labarin wannan ɗan wurin ne kawai. Zai gaya miki irin tukwanen da aka fasa a wurin da irin abincin da aka ci, kuma idan kin sami gawayi mai kyau zai ba ki shekaru. Abin da ba zai gaya miki ba shi ne dalilin da ya sa mutane suka zauna a nan suka bar can, ko kuma inda suke noma, inda suke ɗibar ruwa da rani, inda suke samo tama da itacen narka ta. A ƙasar Zazzau waɗannan su ne manyan tambayoyi, domin tarihinmu na baka kansa labarin ƙaura ne: Turunku, Kufena, sannan birnin da muke ciki. Wanda yake son ya san abin da ke cikin wannan labari dole ya dubi ƙasar da ke tsakanin wuraren uku, ba wuri guda kaɗai ba.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce a Zariya. A shekarun 1970, John Sutton, lokacin yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi ganuwowin Zariya da na Kufena yana aunawa yana zanawa, kuma shi ya yi aiki a wurin narka tama da aka fi sani da Samaru ta Yamma, a kwarin Kubanni, inda gwajin gawayi, wato auna shekarunsa, ya nuna cewa ana narka ƙarfe a nan tun cikin shekaru dubu na farko bayan haihuwar Annabi Isa. Ki lura da ma'anar wannan. Tun kafin zamanin da jerin sarakuna ke ba Bakwa Turunku, wato wajen 1536, da ƙarnoni masu yawa, akwai mutane a wannan kwari da suka san tama, suka san gina murhu, suka kuma sami itacen da ya ishe su wannan aiki mai cin gawayi. Kafin shi kuma, Abdullahi Smith ya jawo hankali a rubuce-rubucensa na wajen 1970 ga matsayin manyan duwatsu irin su Dala da Kufena wajen tara jama'a: ga tsaro, ga ruwan da ke gangarowa ya taru a gindinsu, ga ƙasa mai daɗin noma, ga kuma imanin mutanen wancan zamani cewa iskoki na zaune a kansu. Ra'ayi ne mai ƙarfi, amma ra'ayi ne da ke jiran a gwada shi da ƙafa, fili bayan fili. Idan kin taka yankinki kin tarar alamomin zama sun cunkushe a gindin dutse suna raguwa yayin da kike nisa, kin ƙarfafa shi. Idan kuwa kin tarar sun fi bin bakin fadama da rafi, to kin kawo gyara ga abin da aka daɗe ana maimaitawa. Kowanne ya faru, aiki ne da zai tsaya a gaban masu jarrabawa.

Game da yadda za ki taka filin, lokaci shi ne abu na farko. Da damina ba ki ganin komai saboda ciyawa da dawa. Ki jira bayan girbi, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da aka kwashe kara, dabbobi suka cinye harawar da ta rage. Sannan ki sake komawa a farkon damina, bayan ruwan farko ya wanke ƙasa kuma manoma sun yi huɗa, domin garma takan juyo da abin da rani ya rufe. Ki sami mutum huɗu ko biyar ku jeru, tsakanin kowa da ɗan'uwansa mita 10 ko 15, ku yi tafiya a miƙe, kowa yana ƙirga abin da ya gani a layinsa. Ku rubuta inda kuka sami abu, ku kuma rubuta inda ba ku sami komai ba da irin yanayin ƙasar wurin, domin filin da babu tsingaro shi ma shaida ce, muddin an san an taka shi kuma ana iya ganin ƙasarsa a ranar.

Abin dubawa ya wuce tsingaro. Akwai kashin tama da guntayen bututun yumɓu na murhu, akwai ramukan niƙa da aka sassaƙa a jikin fā, akwai gatarin aradu, akwai tsohon juji wanda ƙasarsa ta fi ta kewaye duhu da laushi. Inda kika ga kukoki sun taru a tsakiyar gona, ki tsaya ki duba ƙarƙashinsu, domin kuka takan daɗe bayan gidan da ya raine ta ya rushe. Kududdufi ma yana da magana, tunda galibi daga nan aka haƙi ƙasar gini, kuma girmansa yana nuna girman abin da aka gina. Tsofaffin karofi da katsin da aka zubar a gefensu suna nuna rini, rini kuma yana nuna ruwa da kasuwa.

A kan ganuwa kuwa, shawarata ita ce ki ajiye sunan Amina a gefe guda yayin da kike aunawa. Ki dubi inda wata ganuwa ta haɗu da wata, ki gane wadda ta hau kan 'yar'uwarta ko ta yanke ta, domin wannan zai ba ki jerin wadda ta riga wata ko da ba ki da shekara ko ɗaya.

Mai Taswira, Kongo, ya amsa:

Malama, ni daga fannin labarin ƙasa nake, don haka zan tsaya a kan tambayarki ta ƙarshe. Ginin da ya rufe fili yau bai shafe hotunan da aka ɗauka kafin a yi shi ba. Ki fara da tsofaffin hotunan jirgin sama na hukumomin safiyo, waɗanda da su aka zana taswirorin da ake kira na 1:50,000. Ki tambaya a ɗakin taswira na sashen labarin ƙasa. A cikin irin waɗannan hotuna ganuwar da ta zube takan fito kamar zare mai haske, da gwalalonta mai duhu a gefe, ko da mai tafiya a ƙasa zai wuce ta bai lura ba.

Bayan su akwai hotunan tauraron leƙen asiri na Amurka mai suna Corona, waɗanda aka ɗauka tsakanin 1960 da 1972 aka kuma sake su ga jama'a a 1995. Mafi kyawunsu suna nuna abin da bai wuce faɗin mita 2 ba, kuma ana neman su ta shafin EarthExplorer. Ki duba ko akwai na yankinki da hazo ko gajimare bai ɓata ba. Google Earth kuma yana da maɓallin komawa hotunan shekarun baya, wanda zai nuna miki yadda gine-gine suka yi ta matsowa daga Wusasa da bakin hanya. Duk waɗannan ki ɗora su a kan juna a cikin manhajar QGIS, wadda kyauta ce, tare da wuraren da kika ɗauka da na'urar GPS. Ta wayar hannu takan kauce da 'yan mitoci, abin da ba zai cutar da taswirar tarin tsingaro ba, amma bai dace da auna kaurin ganuwa ba. Wannan sai da tef da igiya.

Gargaɗi ɗaya nake da shi. Duk layin da kika gani a hoto zato ne har sai kin je kin tsaya a kansa. Burtalin shanu, iyakar gona da tsohuwar hanyar mota duk suna iya yin kama da ganuwa daga sama.

Ɗan Ƙofar Gayan ya amsa:

Allah ya gafarta Malam na Tudun Wada, na ƙaru da bayaninka ƙwarai, sai dai ina da ja a kan wuri guda, wato cewa a ajiye sunan Amina a gefe. Na fahimci nufinka, kada suna ya riga awo yanke hukunci. Amma ina tsoron ɗalibai su ɗauki wannan a matsayin izinin watsi da abin da mutanen wuri ke faɗa, alhali shi ma abin bincike ne mai zaman kansa.

Gaskiya ne cewa zamanin Amina kansa ana saɓani a kansa. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato 1421 zuwa 1438, yayin da riwayoyin da ke mai da ita 'yar Bakwa Turunku suke kai ta ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambaci yaƙe-yaƙenta a rubutunsa. Gaskiya ne kuma cewa ana kiran ganuwowi da sunanta a wurare masu nisa da juna a ƙasar Hausa, har ya zama da wuya a ce mutum ɗaya ya gina su duka. To amma, Malama, idan kin zauna da dattawan ƙauyukan da ke kewaye da dutsen, kada ki tsaya a tambayar wane ne ya gina. Ki tambayi sunan kowace gona da kowane kwari da kowace tsohuwar rijiya. Ki tambayi inda kakanninsu suka ce ƙofa take, inda ake binne mutane a dā, inda ba a sare itace, da hanyar da fatake ke bi. Sunayen wurare sukan riƙe abin da labari ya manta, kuma dattijon da ya yi shekara 60 yana huɗar gona ɗaya ya san inda garmarsa ke cin karo da kashin tama fiye da kowane hoto na sama.

Sannan ki tuna cewa wannan ƙasa ta ga girgiza kusa-kusa. Bayan jihadin da ya soma a 1804, Sarki Makau ya bar birni da jama'arsa ya yi kudu, inda daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda yau ake kira Suleja. A ƙarni na 19 an kafa rumada da dama a kewayen birni. Turawa sun shigo a 1902, hanyar jirgin ƙasa ta biyo baya cikin 'yan shekaru, aka sami Sabon Gari da Tudun Wada, mutane kuma suka sauko daga wuraren tsaro zuwa bakin hanya. Don haka kufai da yawa da za ki gani ba su wuce shekara 150 ko 200 ba, kuma rahotannin haraji da na gundumomi da ke ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna da Gidan Arewa za su taimake ki ki ware su daga waɗanda suka fi su tsufa.

Kafin ki sa ƙafa a gonar kowa, ki bi ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa da takardar sashenku, ki kuma tafi da wani ɗan garin. A wannan zamani baƙon da ke yawo a gona da na'ura ana ɗaukarsa mai awon fili ne ko mai neman ma'adinai.

'Yar Hanwa ta amsa:

'Yar'uwa, ni ina ganin kada ki rabu da tono gaba ɗaya. Abin da ke bisa ƙasa a gauraye yake: tsingaron ƙarni na 10 da na jiya suna kwance a kunya ɗaya, ruwa ya gangaro da wasu, manomi ya kawo wasu cikin takin juji daga cikin birni. Taswirar da babu zamani a cikinta za ta nuna miki inda mutane suka taɓa zama, ba za ta nuna waɗanda suka zauna a lokaci ɗaya ba. Masu binciken Jami'ar Goethe ta Frankfurt da suka fara aiki a yankin Nok a 2005 sun rubuta wurare masu yawan gaske, amma gwajin gawayi da ƙwayoyin gero daga ramukan tono ne ya mai da farkon al'adar Nok zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Ki roƙi malaminki ya bar miki ƙananan ramukan gwaji biyu ko uku a ƙarshen aikin.

Ɗalibar Samaru ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Maganar takin juji ta tsaya mini, domin manoman kusa da birni sun daɗe suna kai shara gonakinsu a kan jakuna, kuma hakan na nufin tsingaron da zan ƙirga a wasu gonaki ba a nan aka fasa shi ba. Baba na Tudun Wada, yaya zan bambance wannan? Kuma idan an ba ni damar ramin gwaji, shin in yanka jikin ganuwar ne in ɗauki gawayi daga cikinta?

Tsohon Malami, Tudun Wada, ya sake amsawa:

'Yata, 'Yar Hanwa ta yi gaskiya, kuma gyaran Malam na Ƙofar Gayan na karɓe shi. Sunan Amina ya shiga babin riwaya, awo ya shiga nasa babi, sai a haɗa su a ƙarshe a ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Tsingaron da taki ya kawo yakan kasance ƙanana, gefensa a goge, a warwatse daidai-wa-daida ko'ina cikin gona, kuma sau da yawa za ki gan shi tare da fasasshen tangaran, kwalba ko guntun kwano. Na kufai kuwa yakan taru a wuri guda mai iyaka, manyan guntaye da bakunan tukwane suna da yawa, ƙasar wurin ta ɗan tasa ko ta canza launi, kuma akan sami dutsen niƙa ko toka tare da shi. Ki tambayi mai gonar ko yana kawo taki daga gari, ki rubuta amsarsa a takardar wannan fili.

Akwai kuma 'yan abubuwan da za su ba ki iyakar zamani tun kafin gwaji. Lofen shan taba ba zai riga zuwan taba daga nahiyar Amurka ba, don haka duk inda ya fito a cikin ƙasar da ba a taɓa ba, kina cikin ƙarni na 17 ko bayansa. Haka tukunyar da aka yi wa ado da totuwar masara ba za ta riga masara ba. Kuɗin wuri ma, tarihin Kano ya ce ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Sharefa, 1703 zuwa 1731, don haka yawansa a wuri alama ce ta baya-bayan nan.

Game da ganuwa, kada ki dogara da gawayin da ke cikin jikinta. Masu gini sun haƙo ƙasar ne daga gefe, kuma idan wurin tsohon mazauni ne, gawayin da suka kwaso tare da ita yana iya girme wa ginin da ɗaruruwan shekaru. Ga shi kuma ana yi wa ganuwa gyara da aikin gayya bayan damina, ana ɗora sabuwar ƙasa kan tsohuwa, har abin da kike gani yau ya zama aikin zuriyoyi da yawa. Abin da kike nema shi ne tsohuwar fuskar ƙasa da ganuwar ta danne. Ƙwayar hatsi da ta ƙone a wannan shimfiɗa ta fi guntun babban itace amfani, tunda hatsi na shekara ɗaya ne, itace kuwa yana iya yin shekara 100 kafin a sare shi. Ko wannan ma abin da zai gaya miki shi ne ganuwar ba ta riga wannan shekara ba. Sai kin haɗa da abin da ya fara taruwa a ƙasan gwalalo kafin ki sami iyaka ta ɗaya gefen.

Ba sai kin yanka sabon wuri ba. Ki nemi inda hanya ko zaizayar ruwa ko masu ɗibar ƙasa suka riga suka yanke ganuwar, ki share fuskar yankan da cokalin magina, ki ɗauki hoto da ma'auni a jiki, ki zana shimfiɗun ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Ko wannan ma sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ba ikon ba da lasisin tono, don haka ki sa sashenku ya rubuta musu tun yanzu, domin amsa ta iso kafin Disamba. Gwajin gawayi ana tura shi ƙasashen waje ne kuma yana da tsada, saboda haka ki ware kuɗin samfuri biyu ko uku a cikin kasafin aikin, ki naɗe kowanne a takardar alminiyam da lambarsa da zurfinsa, ki kuma rage faɗin filin da za ki taka zuwa abin da mutum biyar za su iya gamawa a rani ɗaya.